Yadda Mutanen Birazil Ke Laƙaba wa Kowa Halinsa

Duk wanda Allah Ya nufa da zama cikin mutanen Birazil, waɗanda suka gaji harshen Fotugal daga Turawan da suka sauka gaɓarsu a 1500, ba zai daɗe ba zai lura cewa idan suka tashi bayyana ɗabi'ar mutum, ba su cika wahalar da kansu da lafuzzan malamai ba, sai su miƙa hannu madafa ko kasuwa, su ɗauko abin da ya dace da shi su laƙaba masa.

Bahili, wanda in aka kawo takardar kuɗin abinci sai ya tuna yana da uzuri a bayan gida, shi ne pão-duro, busasshen burodi, wasu kuma su ce mão-de-vaca, hannun saniya, domin kofaton saniya ba ya buɗewa. Wanda ba a ɗaurin aure ko walima sai an gan shi, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba, arroz de festa ne, shinkafar biki. Amma wanda ya fi su nauyi, a ganina, shi ne mala sem alça, akwati marar mariƙi, mutumin da zai zo da hantsi da sunan gaisuwa, ya kwashe tarihin ciwon bayansa tun daga farko, har rana ta yi tsaka bai ko dubi takalminsa ba. Ɗaukarsa wuya, ajiye shi kuma ba hali.

Sai marar kunya, cara de pau, mai fuskar katako, wanda zai ci bashinka bara, ya dawo bana neman ƙari yana murmushi. Shi kam har magani suka yi masa, don sukan ce a ba shi óleo de peroba, man goge kujeru, ya shafa. Munafuki kuwa amigo da onça ne, abokin damisa, sunan da ya ƙara bazuwa bayan mai zane Péricles ya fara fito da irin wannan taliki a mujallar O Cruzeiro a 1943.

Akwai kuma wanda aka zalunta, pé-frio, mai sanyin ƙafa, wanda camfi ya ɗora wa alhakin kowace asara. Mawaƙin Ingila Mick Jagger ya sha wannan suna, balle da aka gan shi a filin wasa ranar da Jamus ta ci Birazil 7 da 1 a 2014, alhali bai taɓa ƙwallon ba ko sau ɗaya.

Sai dai nahawunsu na da adalci, domin fi'ili biyu gare su: ser na halin da aka haifi mutum da shi, estar na abin da ya same shi yau. Saboda haka, mai karatu, in aka ce maka está chato, wato kana gundurar mutane, ka yi haƙuri, gundurar yini ɗaya ce. In kuwa aka ce é chato, to ka tashi ka yi sallama.