Zuwa ga Bazazzagi, Injiniyan Motar Kara

Bazazzagi bawan Kanawa, ubangidanka na gaishe ka. Labari ya iske ni har Kano cewa kana tara jikoki a zaure kana cika musu baki, wai a zamaninka kaf Tudun Wada babu wanda ya kai ka iya ƙera motar langa-langa. Kai malam, ka ji tsoron Allah! Shaidu fa ba su ƙare ba.

Duk hutun da aka kawo ka Kano, mu ne muke bin bola mu tsinto gwangwanin Bournvita, mu farke shi, mu daddake da dutse har ya miƙe, mu yanko tayoyi daga tsohon silifas, mu lanƙwasa doguwar waya ta zama sitiyari. Kai aikinka riƙe ƙusa. In mota ta tashi mu ne direbobi, kai kuma ɗan kwandasta, kana biye da mu da wando a hannu kana ihun "Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!" Ranar da zuciya ta ɗebe ka ka ce sai ka yi taka, ta kara ka harhaɗa, kana tsira wa totuwa tsinke kana gumi. Kafin ka kai bakin lungu akuya ta cinye rabin bodin. Garin da ke taƙama da jami'a tun 1962, ga injiniyan da ya turo mana!

Gare-gare ma ba ka tsira ba, don taya ce take gaba kana bin ta da kuka har cikin kwata. Katantanwa kuwa, bayan hannunka ne ya san labarin, ya sha sara har ya gode Allah.

Inda ba ni da ja da kai shi ne fagen ƙwalama. A 1973 aka canja kuɗi, fam ya koma naira, amma bakinmu bai daina kiran sisi da sule ba, kai kuma aljihunka bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Da ka hango mai talle sai ka matso kana "ɗan sam mini". Gullisuwa, tuwon madara, carbin malam, hanjin ligidi, duk da kuɗin Bakano ka san daɗinsu. Ɗan tamatsitsi sai ka tsotse shi har ledar ta yi fari, goriba kuma ka gwaguye ta tas, ka hana mu ƙodagon da za mu buga ƙwallo.

Yanzu ga shi ka sayo wa jikoki mota mai batir, batir na mutuwa wasa ya tashi, sai su koma latsa wayar uwarsu. Mu tamu in ta lalace, zama muke mu gyara. In kana son su da alheri, ka sa su a mota ka turo mini su, in koya musu sana'a, su koma su koya wa kakansu.

Watan cika-ciki ya ƙarato, saura ka yi kunnen ƙashi da kuɗin shara. In babu tsaba, na yafe, ka aiko da ƙwaryar gullisuwa. Na san haƙoranka sun riga ka yin ritaya, ba za a ci rabi a hanya ba.