Jinjina Ga Gwarzon Sitiyari

Ranka ya daɗe, namijin duniya, da ka fito daga mashaya a Kalifoniya da tsakar dare, ƙafa na harɗewa, makullin mota a hannu, kana cewa kwalba biyu kacal ka sha kuma gidan ba nisa. Matsorata sun kira tasi ko Uber sun biya 'yan daloli sun kwana a gadonsu. Kai ba ka da wannan rowar. Ka zaɓi hanyar da mutane da yawa za su ci abinci daga aljihunka.

Doka ta ce idan barasar da ke jininka ta kai kashi 0.08 cikin ɗari, ba ka da hurumin tuƙi. Jihar Yuta ma ta rage nata zuwa 0.05 tun ƙarshen 2018. To, wa ya kai ka sanin kanka? Sai ka gaya wa ɗan sandan da ya haska ka da tocila. Idan ka ƙi gwajin bayan an kama ka, madalla da jarumta, lasisinka ya tafi hutun shekara guda. Idan ka hura na'urar ta tona asiri, nan take zai karɓe lasisin ya miƙa maka takardar wucin gadi ta kwana 30, kuma kwana 10 kawai gare ka ka nemi hukumar lasisi ta saurare ka.

Daga nan rabon alheri ya fara. Mai janwe zai ja motarka ya sami nasa, mai filin ajiya yana lissafa maka kowane kwana. Ga beli, ga lauya, wanda shi kam addu'arsa kullum Allah ya ƙaro irinka. Tarar laifin farko a rubuce dala 390 zuwa 1,000 ce, amma kafin kotu ta gama ɗora mata ƙarin caji ta ninka sau da yawa. Za ka koma aji na aƙalla wata uku a koya maka illar giya, wata tara idan jininka ya kai 0.20, kuma kai za ka biya malaman. Ana iya ɗaura wa motarka na'urar da sai ka hura mata numfashi kafin inji ya tashi, hayarta wata-wata a wuyanka, 'ya'yanka na kujerar baya suna kallon baba yana roƙon motarsa izini. Kamfanin inshora kuwa zai riƙe ka da takardar shaidar inshora ta SR-22 har shekara uku, a kan farashin da ya ga dama. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka kan ce kamu ɗaya na iya lashe dala 10,000. A dare guda! Ko attajirai ba su cika irin wannan kyauta ba.

Idan direban babbar mota ne kai, iyakarka 0.04, kuma shekara guda ba kai ba sana'ar da kake ciyar da iyali da ita. Kanada ma na iya mayar da kai daga bakin iyaka. Laifin zai zauna a kundinka shekara goma yana jiran na biyu.

Kotu ba ta sallamarka sai ta gargaɗe ka cewa ka riga ka san tuƙi cikin maye yana kisa, don haka duk ran da ka sake har rai ya salwanta, ana iya tuhumarka da kisan kai, ɗaurin shekara 15 zuwa rai da rai. Hukuncin kotun ƙolin Kalifoniya a shari'ar Watson, a 1981, shi ya buɗe wannan ƙofa.

Kada ka ji kaɗaici, kana da magabata. A watan Mayun 1980, a garin Fair Oaks na Kalifoniya, wani ɗan'uwanka da ke kan belin irin wannan laifi ya banke Cari Lightner, yarinya 'yar shekara 13 da ke tafiya a gefen hanya, ya wuce abinsa. Mahaifiyarta, Candy, ta binne ta sannan ta kafa ƙungiyar uwaye masu yaƙi da tuƙin maye, MADD. Da yawa daga cikin dokokin da ke tatsar ka yau daga hawayen irin waɗannan uwaye suka fito. Duk da haka ku ba ku gaza ba: a 2022 kaɗai mutum sama da 13,000 suka mutu a titunan Amurka a haɗurran da maye ke ciki, kusan ɗaya bisa uku na duk mutuwar hanya. Masu dawowa daga aikin dare, masu tsallaka titi, jarirai a kujerar baya, babu wanda ya kurɓa tare da ku.

Jihar Tenesi ta ga wannan ƙwazo ta ƙara muku matsayi. Dokar da ta zartar a 2022 ta ce direban da ya kashe uwa ko uba cikin maye shi zai ɗauki nauyin ciyar da marayun har su kai shekara 18. Zaman kurkuku ba ya goge bashin. Idan an sako ka, shekara guda aka ba ka ka fara biya.