Mai so ya ɗaga hannu, mai dariya ya matso kusa

Na ji ku, masu dariya. Tun ban rufe baki ba kun ce, "Sabar imel a Falanko? Lallai rana ta bugi mutumin nan a hanyar Tanut." To Alhaji, gyara zama, ban ce ka sayar da ko dami ɗaya na hatsi ba. Tambaya ce kawai: in wani yaro ya haɗa wa ma'aikatar kwamin sabar wasiƙu, ya ƙara mata rumbun bayanai, akwai mai amfani da shi?

Ga yadda abin yake. Sabar imel kwamfuta ce mai karɓar wasiƙa ta kai ta akwatin mai ita. Manhajar da mutane da yawa ke ɗora wa wannan aiki ita ce Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta a kamfanin IBM, aka fitar da ita a 1998, kuma kyauta ce. A sauƙaƙe, sunayen masu akwati a cikin fayil ɗaya ake jera su. Duk sabon ma'aikaci, sai an nemo gwanin kwamfuta ya buɗe fayil ya rubuta. In gwanin yana Damagaram wajen biki, sai a jira ya gama cin tuwo. Amma in an haɗa sabar da rumbu irin MySQL ko MariaDB, sunaye da kalmomin sirri da girman akwatin kowa duk suna cikin tebur. Wasiƙa ta iso, Postfix ta tambayi rumbu, "Akwai wane?" Sannan da ƙaramin kayan aiki irin PostfixAdmin, sakatare da kansa zai ƙara suna ko ya soke, bai san harafi ɗaya na shirin kwamfuta ba.

Malam na can baya yana kaɗa waya: "WhatsApp fa?" Allah ya ja zamanin WhatsApp, ni ma da shi nake gaida gwaggona. Sai dai, Malam, ranar da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki daga Falanko zuwa Belbeji, wayarsa a aljihunsa take tafiya, da takardun shekara uku a cikinta, a tsakanin hotunan suna da wa'azin Juma'a. Adireshin ofis kuwa ba ya hawa mota. Layi ɗaya za a gyara a rumbu, wasiƙun su koma hannun wanda ya gaje shi.

Hajiya kuma ta ce wuta da rezo. Nan kam kin kama ni da kyau, amma ba ki kayar da ni ba. Imel ya girmi yawancinku, tun 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ a adireshi, kuma da haƙuri aka gina shi. In sabar ta mutu, wadda ta aiko ba ta zubar da wasiƙa, tana ta sake gwadawa. Postfix kwana 5 take yi kafin ta haƙura. Ba dole ba ne ma injin ya kwana a Falanko, ana iya ajiye shi a Yamai.

Inda nake tare da ku shi ne nan: ofis mai mutum goma bai da abin yi da rumbu. Fayil ɗaya ya ishe shi har da saura. Rumbu ƙarin kaya ne, yana son mai kula da shi da mai kwafe shi a ɓoye don ranar tsiya, in ya tsaya kuma wasiƙu su tsaya. Sai an haɗa lakwal-lakwal da gidajen likita na Damargu, sunaye sun kai ɗaruruwa, sannan yake biyan wahalarsa.

Shi ya sa ake tambaya kafin a fara. Linus Torvalds ma, yana ɗalibi a Helsinki a watan Agustan 1991, kafin ya fitar da sabon tsarin kwamfutar da yake haɗawa, sai da ya tambayi masu amfani da tsarin Minix abin da suke so da abin da ba sa so, yana ɗaukan aikinsa abin sha'awa ne kawai. Linux ke nan, da yawancin irin waɗannan saba ke gudana a kansa yau.

Matsalata da ku ba dariyar ba ce, "i" ɗinku nake tsoro. Mu dai ba ma son kunyata mai tambaya. Ka kai raƙumi kasuwa, mutum ashirin za su shafa wuyansa su ce masha Allah, mai sa hannu a aljihu ɗaya ne, in an samu. Don haka kada kowa ya ce mini "abu ya yi kyau". A gaya mini sau nawa a wata ake ƙara suna ko a soke. A nuna mini wanda zai zauna ya koya, da wanda zai biya kuɗin sabar in shekara ta zagayo. Alhaji, na ga ka ɗaga hannu. So kake, ko ƙuda kake kora?