Allah Ya Ja Zamanin Modem

Madalla da masu kewar kukan tsofaffin kwamfutoci. Mutane ne masu kunnen basira, kuma manya sun goya musu baya: a Afrilun 2025 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa sautin buɗe Windows 95 cikin sautukan da za a adana wa jikoki. Daƙiƙa 6 ne kacal, Brian Eno ya tsara shi, kuma da bakinsa ya ce a kan Mac ya yi aikin. Ka ji ƙauna! Mu ma a Agadas kada a bar mu a baya. UNESCO ta karɓi tsohon gari da hasumiyar masallacinmu mai mita 27 tun 2013, saura mu kai mata kukan modem.

Wanda bai zauna a sibar ba a farkon shekarun 2000, an yi babu shi. Tsiii, ƙurrr, shaaa! Modem biyu ne ke gaisawa ta layin tarho, kowanne na tambayar ɗan'uwansa lafiyar layi da saurin da zai iya ɗauka, gaisuwar da ta fi ta dattawan Abzin tsawo. Wani lokaci a gama gaisuwar a rabu ba a yi maganar da ta kawo su ba, sai a sake daga sallama. Agogon mai shago kuwa ba ruwansa, tun zamanka yake lissafi. Ina makarantar haƙuri irin wannan yau, wadda ɗalibi ke biya da awa?

In an dace an haɗu, iyakar ƙarfin modem kilobit 56 ne a daƙiƙa, shi ma a takarda. Hoto mai megabait 1 sai ya ci fiye da minti 2 in layin naka ne kai kaɗai, alhali ɗaki guda ke rabonsa. Ɗan'uwa ya aiko hoto daga Sabha, yana sauka daga sama a hankali, cikin mutunci. Rawani ya fito. Goshi ya fito. Ana dab da ido sai ka ji an dafa kafaɗarka: "Malam, lokacinka ya cika fa." Ka tashi ka gaya wa tsohuwa ɗanta na nan lafiya, ka ga rawaninsa. Haka masu kai Turawa Timiya da Tenere suke wuni gaban Yahoo, suna jiran wasiƙa ɗaya ta buɗe su san ko za a ci abinci a bana.

Sai disket, Allah Ya saka mata. Megabait 1.44 take ɗauka, hoto guda na wayar yau ba zai shige ta ba, amma akwai murya. Ƙurut, ƙurut, ƙurut, kana ji ka san ƙurar hunturu ta riga ka karanta rahoton da ka yi wata guda kana bugawa. Ba ta ɓoye wa kowa, a gaban jama'a take cinye aikinka. Fankar kwamfuta kuma ta sha rairayi tana gurnani, hard disk na ƙas-ƙas kafin ya cika, injin buga takarda mai allurai na tsaga kunnen ofis gaba ɗaya don shafi ɗaya.

Amma sarkin mawaƙan shi ne akwatin riƙon wuta da ke ƙarƙashin tebur. Tit… tit… tit. Kuran ya tafi ke nan. Mai shago ya ɗaga murya: "Kowa ya adana aikinsa!" Akwatin dai kwamfutarsa kaɗai yake riƙe wa, naku allunan tuni sun yi baƙi.

Abin burgewa, masu kewar nan a YouTube suke sauraron kukan modem, da waya mai 4G, a kishingiɗe, kuma suna kashe shi in sun ƙoshi. Ai an cuce su, rabin daɗin suke samu. A buɗe musu ɗaki kusa da tasha, kwamfutoci ƴan gwanjo goma, layi ɗaya, kuɗin awa a hannu kafin a zauna. A ba kowa takardar neman aiki da za a rufe karɓa yau da la'asar. Mai shagon ba ya mayar da kuɗi.