Wasiƙa Zuwa Ga Linzamin Kwamfuta, Daga Belbeji

Malam Linzami,

Ina fatan kana jin daɗin hutu cikin kwalin da ke ƙarƙashin tebur, kai da matattun cajoji. Mu nan shagon buga takardu lafiya lau, aiki sai godiya. Na san ba labarin da ka so ji ke nan ba.

Ka iya zaɓen lokaci, wannan kam ba musu. Tsakiyar hunturu, ƙurar Damargu har cikin haƙora, benci cike da masu takardun neman aiki da na makaranta, sai jar fitilar cikinka ta yi ƙyafta-ƙyafta ta mutu. Na hura ka, na goge ka da bakin riga, na sauya maka rami, yaron shago ya ɗan ƙwanƙwasa ka a tebur don ladabi. Shiru. Lissafinka a fili yake. Tun 2011 aka yanke mu daga Tanut muka tsaya da ƙafarmu, amma linzami na kirki sai an ba direba sautu daga Damagaram. Ka ɗauka za mu ja ƙofa mu zauna makokinka.

Ka manta babban wanka, Allon Maɓallai, yana nan.

Ba mu fara da daɗi ba. Cikin ruɗewa yaro ya danne Alt da Maj tare, kwamfuta ta bar tsarin Faransa ta koma na Amurka. Aka buga Zinder a kan takardar wani dattijo, sai ga Winder. Aka buga Amadu, sai ga Q;qdu. Dattijon ya kai takardar kusa da ido, ya ce, "Malam, wannan ɗan wane ne?" Da kana nan, da na tura ka kusurwar allo ka gyara. Ashe maɓallan da suka ɓata su ne masu gyarawa: aka sake danna su, Amadu ya dawo gidan ubansa.

Daga nan hanya ta buɗe. Maɓallin Windows da harafin I, sai ga Paramètres gaba ɗaya, wurin da kake sa ni zagaye kafin mu isa. Tab, mai kibiyoyi biyu a gefen hagu, yana tsallakawa daga wuri zuwa wuri. In ka zarce, Maj da Tab su dawo da kai. Kibiyoyi na yawo cikin jeri, Entrée na shiga, dogon maɓallin ƙasa na kunnawa da kashewa, Échap na fitar da mutum daga inda bai yi niyyar shiga ba. Danna ta dama da kake taƙama da ita, wai sirrin gidanku ce? Maj da F10. Wahalar ɗaya ce: sai ka zuba ido kana neman ɗan siririn zanen da ke nuna inda kake, wanda wasu masu tsara manhaja suka sa ya dushe har sai ka kusa manna hanci a gilashi. Su ma wasiƙarsu na tafe.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne ranar da agogon kwamfuta ya koma shekarun baya, don ƙaramin batirin nan CR2032 ya ƙare. Muka shiga BIOS da F2, shuɗin allo ya fito. Tsohuwar kwamfutarmu, a wannan ɗaki, ba ta taɓa sanin ka ba ko kana da rai. Kibiyoyi, Entrée, F10, an gama.

Kada ranka ya ɓaci, amma Allo har kwaikwayonka yana yi. Alt na hagu, Maj na hagu da Verr Num, sai lambobin gefen dama su ɗauki aikinka: 8 sama, 2 ƙasa, 4 da 6 hagu da dama, 5 ta danna. Gaskiya tafiyar irin ta raƙumi mai kayan gishirin Bilma ce, amma ana isa.

Na bincika asalinka kuma. Douglas Engelbart ya nuna ka ga jama'a a San Faransisko a 1968, kakanka ɗan akwatin katako ne mai maɓalli ɗaya. Kakan Allo kuwa, keken rubutu, yana kasuwa tun 1874. Makafi da dama suna aiki da kwamfuta da kunne da yatsu, manhaja irin NVDA tana karanta musu allo, ba su taɓa nemanka ba. Girman kan na mene ne?

Zan yi maka adalci. Yanke hoton fasfo da daidaita tambari a kan takardar gayyatar biki, nan kam mun yi kewarka, yaro har ya yi gumi cikin sanyi. Saboda haka na ba da jika biyu da rabi a sayo ƙanenka. Ka sanar da shi sharaɗi tun yanzu: wurinsa aljihun tebur, cikin leda saboda ƙura, ranar hoto za a kira shi.

Ka gai da cajoji.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Belbeji, Tarka