Mutanen Baro

Yanzu da ake ta kafa kwamitocin tallafi a garuruwan da ruwa ya ci, labarin wani gari a ƙasar Italiya ya tsaya mini a rai.

Sunan garin Lakwila, a cikin duwatsun yankin Aburuzo. Ranar 6 ga Afrilun 2009, ƙarfe uku da rabi na dare, ƙasa ta girgiza mutane na barci. Rai 309 suka salwanta, dubbai suka wayi gari a tanti. Manya suka yi ta zuwa jaje. Har taron ƙasashen G8 aka ɗauko aka kawo garin a watan Yuli, shugabanni suka zaga kangaye, aka ɗauki hotuna, aka yi alkawura. Kuɗi kuwa sun shigo, Tarayyar Turai kaɗai ta ba da kusan yuro miliyan 500.

Sai aka kewaye tsakiyar gari da shinge, aka sa sojoji gadi. Mai gida ba shi da ikon leƙa gidansa, kuma in ya tambayi inda aka kwana, sai a ce ana kan aiki.

A watan Fabrairun 2010 jaridu suka fallasa wata hira da masu bincike suka naɗa ta waya. Wasu 'yan kasuwa biyu ne ke lissafin kwangilar da za ta faɗo, ɗayansu har yana cewa dariya ya yi a kan gadonsa a daren da abin ya faru. A daidai wannan sa'ar iyaye na tonon 'ya'yansu da hannu. Tura ta kai bango. Mutanen gari suka rataye makullan gidajensu a jikin shingen, daga baya suka turo baro, suka kutsa, suka dinga kwashe ɓaraguzai da kansu, bokiti na bin hannu zuwa hannu. Shi ya sa ake ce musu mutanen baro.

Gidajen gaggawa da aka gina a bayan gari ma sun bar baya da ƙura. Masu binciken kuɗi na Turai sun ce an yi su da tsada fiye da kima, kuma a 2014 barandar ɗaya daga ciki ta rufto.

Sai da shekaru suka ja kafin wata cibiyar ilimi ta garin, Gran Sasso, ta haɗa kai da ofisoshin sake gini aka baje lissafin a intanet: nawa aka ware, nawa aka biya, wane gini aka gama, wanne ke jira. Ba sai ka san wani a ofis ba. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, domin wanda ya rasa gida bai kamata ya koma roƙon labarin kuɗin da aka karɓa da sunansa ba.

Lissafin bai yi wa hukuma kara ba. Ya nuna gidajen jama'a sun yi nisa, gine-ginen gwamnati na jan ƙafa, ga yara shekara goma bayan girgizar suna karatu a ajujuwan wucin gadi. Masu ofis sun san alƙaluman na tona musu asiri, duk da haka suka bar su a inda kowa zai gani.