Mutum Huɗu, Hali Goma

Duk wanda ya gifta ta rumfar mai cajin waya a Nguru ko Gashuwa, a jihar Yobe, bayan la'asar zai ga samari sun haɗa kai, manyan yatsu na rawa a kan gilashi, wani na ihun "ga shi nan bayanka!" alhali babu komai a bayan sai bango. PUBG Mobile suke bugawa, wanda ya fito a 2018, ko Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya riga shi da 'yan watanni kuma ya fi shiri da ƙananan wayoyi. Jirgi ne ke zubar da mutum 100 a tsibiri, ko 50 a Free Fire, kowa hannu rabbana, a tsinci makami, fili na ta tsukewa har a bar ƙungiya ɗaya. Dattawa na ganin bindigar ce ke jan yaran. A ganina ba ita ba ce. Abin da ke riƙe su shi ne an ɗaure mutum huɗu da igiya ɗaya, kuma cikin minti ashirin kowa sai halinsa ya fito fili.

Kowace ƙungiya tana da Sarkin Yaƙi. Ba wanda ya naɗa shi, amma shi ke zaɓen inda za a sauka, shi ke rabon aiki, kuma shi ake fara kashewa. Daga nan sai ya ci gaba da ba da umarni daga lahira, da murya mafi ƙarfi. Kusa da shi akwai Na-Ganima, wanda ya zo yaƙi da zuciyar ɗan kasuwar Nguru: ana ruwan harsashi yana cikin ɗaki yana gwada hular kwano, jakarsa cike da magani, amma in ka roƙa sai ya ce saura ɗaya. Sai Malam Laɓe, mai kwanciya cikin ciyawa tun farkon wasa, bai harbi kowa ba, bai taimaki kowa ba, ya kai na biyu, ya tashi yana cewa dabara ta fi ƙarfi. Ɗan Gayu kuwa kuɗinsa sun ƙare a sayen riga da fentin bindiga, gawarsa ce ta fi ta kowa kyau a filin.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Ɗan Aike. An kewaye su, saura ƙungiya biyu, sai abokai su ji ta makirfo, tare da kukan akuya, muryar Inna: "Kai, ba markaɗe na ce ka kai ba?" Sojansa ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar fili kamar an dasa shi, maƙiya ma sai sun yi shakka kafin su harbe shi. Shi kuma Mai Netwok bai taɓa faɗuwa da laifinsa ba. Ko sabis ya ɗauke, ko waya ta yi zafi, ko caji ya kai kashi uku. Abin haushin shi ne a wannan yanki, inda zafin Afrilu kan sa waya ta gagari riƙewa, wutar lantarki kuma sai ta ga dama, rabin ƙaryarsa gaskiya ce, don haka ba a iya kama shi.

Akwai kuma Likita, wanda ba ya iya harbi sosai amma in an kayar da kai sai ya rarrafo cikin wuta ya ɗaga ka. Shi ne hujjata. Da bindiga ce ke jan hankali, da ba a neme shi ba, amma shi ake fara kira kullum. Haka langa take tun da: ba mai ƙarfin ture ake yabo ba kaɗai, har da wanda ya tsare ruwa ya kai shi sha.

Za a ce ai Yobe ta ga bindigar gaske, ba abin wasa ba ce, kuma wanda ya faɗi haka ba a yi masa gardama da dariya. Amma a saurari hirarsu bayan an tashi: ba lissafin gawa ya fi yawa ba, shari'a ake yi kan wa ya gudu ya bar wa. Za a kuma ce yana cin lokaci da kuɗi, wannan kam haka ne, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa jarabar wasan cikin jerin cututtuka a 2019, sai dai tana nufin wanda wasan ya danne masa karatu, sana'a da iyali na tsawon lokaci, ba mai bugun yamma ba.

Saboda haka, iyaye, lokacin salla da na karatu ku ƙwace wayar, babu laifi. Amma kafin ku yanke wa yaro hukunci, ku tambayi abokansa ko yana dawowa ya ɗaga su in an kayar da su.